Viewer, Commenter ko Editor: wa ya kamata ya iya taɓa rajistar ƙungiyar manoma?

Noman rani a Kura, Bunkure da Garun Malam ya dogara ne da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da aikin. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su riƙa kula da ƙananan magudanai su kuma karɓi kuɗin ruwa. Wannan aiki kuwa na rubutu ne: sunayen manoma, girman gonar kowa, wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Duk matashin da aka ce ya mayar da irin wannan rajista cikin waya zai ci karo da tambayar da Google ke yi idan aka danna Share: wane izini za a ba wannan mutum?

Tura fayil ta WhatsApp daban yake da raba shi ta Google Docs ko Google Sheets. A WhatsApp kowa kwafinsa yake samu, kuma da zarar mutum uku sun yi gyara an samu rajista uku masu saɓa wa juna. A Google fayil ɗaya ne kowa ke shiga, shi ya sa gyaran mutum ɗaya ke shafar kowa nan take.

Matsayi uku ake bayarwa. Viewer mai kallo ne kawai, ba ya iya canja komai. Commenter yana iya manna tsokaci a gefen layi, misali ya ce eka biyu yake nomawa amma an rubuta masa uku. Editor kuwa yana rubutu, yana gogewa, yana iya sauya adadin kuɗin da ke gaban sunan kowa. Sama da su akwai Owner, wato mai fayil ɗin, wanda yawanci shi ne ya ƙirƙire shi da asusunsa.

Matsayin tsakiyar nan shi aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi dacewa da aikin duba takarda. A Google Docs, Commenter yana iya rubuta gyara a cikin takardar, amma gyaran zai fito da wani launi a matsayin shawara, tare da sunan wanda ya kawo ta. Ba zai zauna ba sai mai fayil ko wani Editor ya karɓa. A ɗauka ƙungiyar manoman shinkafa na shirya wasiƙar koke kan wata magudana da ciyawar kacalla ta toshe. Sakatare ya rubuta, shugabannin ɓangarori su shiga a matsayin Commenter, kowa ya kawo gyaransa, a ƙarshe mutum ɗaya ya zaɓi abin da zai shiga. Microsoft Word ma yana da irin wannan tsari, Track Changes. Sai dai Google Sheets ba shi da wannan hanya ta ba da shawara. A can Commenter tsokaci kawai zai bari, wanda kuma ya wadatar ga mai ƙorafin an yi masa kuskuren lissafi.

Inda aka fi samun matsala shi ne linki. A ƙarƙashin General access akwai zaɓi biyu: Restricted, wato sai waɗanda aka saka adireshin imel ɗinsu, da Anyone with the link, wato duk wanda linkin ya faɗa hannunsa. Idan aka zaɓi na biyu, aka sa shi a kan Editor, aka jefa shi zauren WhatsApp, to an bar ƙofar ruwa a buɗe da daddare. Linkin zai wuce daga wannan zaure zuwa wancan, kuma ko wanda bai shiga da asusun Google ba zai iya gyara. Irin waɗannan baƙi Google na nuna su da sunayen dabbobi a saman shafi, ba da sunansu na gaskiya ba. Idan da safe aka tarar an mayar da "bai biya ba" zuwa "ya biya", tarihin fayil zai nuna lokacin da aka yi canjin, amma ba zai faɗi wanda ya yi ba. Rigimar da za ta biyo baya a kan sakatare za ta sauka.

Tarihin fayil, wato Version history, yana da amfani matuƙar kowa da asusunsa ya shiga. Yana nuna wa ya canja me, kuma ana iya dawo da fayil yadda yake a baya. Mai izinin gyara ne kaɗai ke ganinsa. Wannan ma dalili ne na daina ba mutum biyar kalmar sirrin Gmail ɗaya, domin duk abin da suka yi da suna ɗaya zai fito.

Akwai wani iko da Editor ke da shi wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba. Idan ba a sauya saiti ba, yana iya gayyato wasu ya ba su izinin gyara, yana kuma iya cire wasu. Mai fayil zai iya hana wannan a saitin da ke cikin akwatin Share, a nan ne kuma ake hana masu kallo da masu tsokaci sauke fayil, buga shi ko kwafe shi. Waɗannan saituka sun fi sauƙin samu a kwamfuta, don haka ya kyautu a yi su tun ranar farko, ko da a shagon kwamfuta ne, a kuma tabbatar an fita daga asusun kafin a tashi. Haka ma kulle wani sashe na Google Sheets, yadda ma'aji kaɗai zai iya taɓa layin kuɗi.

Kullewa na hana gyara, amma ba ta hana gani. Ɓoye shafi ma ba kariya ba ce, domin mai kallon da aka bari ya kwafi fayil zai iya buɗe ɓoyayyen shafin a kwafinsa. Ko an hana kwafa, ba abin da zai hana mutum ɗaukar hoton fuskar wayarsa. Lambobin waya, lambobin asusun banki da NIN na manoma gara a ware musu fayil na daban wanda mutum biyu ko uku kawai ke shiga.

Saura batun mai fayil. Idan rajistar tana kan Gmail ɗin sakatare, to a wurin Google tasa ce, ba ta ƙungiya ba. Idan ya jefa ta kwandon shara, bayan kwana 30 za ta goge, kowa ya rasa ta. Idan ya yi watsi da asusun, tun daga Disambar 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a yi amfani da shi ba. Zaɓe na sauya shugabanni, matasa na tafiya makaranta ko neman kuɗi, wayoyi na ɓata. Ana iya miƙa mallakar fayil daga wannan Gmail zuwa wancan: a fara saka magajin cikin waɗanda aka raba wa fayil ɗin, a zaɓi Transfer ownership, shi kuma ya amsa gayyatar. Tsohon mai fayil zai koma Editor, kuma zai ci gaba da iya gyara har sai sabon ya rage masa matsayi ko ya cire shi.