A Gwatemala, rabin darasin Sifaniyanci a gaban akushi ake ɗaukarsa

Da ƙarfe takwas na safe a Antigwa, tsohon babban birnin ƙasar Gwatemala, farfajiyar makarantun koyon harshe kan cika da ƙananan tebura. Kowane tebur mutum biyu ne, malami ɗaya da ɗalibi ɗaya. Babu bencin baya da mai jin kunya zai ɓuya. Awa huɗu ko biyar ana magana, daga Litinin zuwa Juma'a, sannan ɗalibin ya taka zuwa gidan da aka sauke shi, inda uwar gida ke jiransa da abincin rana da kuma tambayoyi.

Wannan tsari ya mayar da garin, wanda girgizar ƙasa ta rusa a 1773, ɗaya daga cikin manyan wuraren koyon Sifaniyanci a duniya. Matafiyan da suka yi niyyar shafe watanni suna yawo a Latin Amurka sukan fara yada zango a nan, su yi makonni kafin su ci gaba. Waɗanda suke ganin Turawa sun yi yawa a Antigwa, kuma Turanci na shiga kunnensu a kowace kwana, sukan haura zuwa Ketsaltenango, wanda ake kira Shela, birni na biyu a ƙasar. Tsayinsa ya haura mita 2,300, kuma sanyinsa na dare ya isa ya sa Bamaraɗe neman bargo biyu.

Dalilin farko kuɗi ne: darasin mutum ɗaya da malaminsa, har da ɗaki da abinci, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da Madrid ko Salamanka. Na biyu kuwa, mutanen ƙasar ba sa gaggawar magana. Akwai harsunan Maya sama da 20 a Gwatemala, kuma da yawa daga cikin jama'a sun tashi da harsuna biyu, don haka sun san halin mai laluben kalma.

Amma makarantar ba ita ce sirrin ba. Malami aikinsa ne ya yi haƙuri da kai, an biya shi. Yaron gida ɗan shekara shida kuwa ba ya sassauta maka: zai yi dariya idan ka karya harshe, ya maimaita maka kalmar sau biyar. A gidan ne za ka nemi a ƙara maka ruwan zafi, ka bayyana cewa cikinka ya ɓaci, ka zauna ana kallon wasan kwaikwayo a talabijin kana bin labarin da kyar. A can ne kuma za ka gane wanda ake ce wa usted don girmamawa, da wanda ake ce wa vos, kalmar da littattafan Sifaniya ba su cika koyarwa ba amma ita ce ta abokai a Gwatemala. Galibi ana ciyar da ɗalibi sau uku a rana, ban da Lahadi, ranar da iyali ke hutawa, shi kuma dole ya fita kasuwa ya yi ciniki da bakinsa.

Ɗan Nijar da ya yi makarantar boko yana shiga wannan harshe da jarin da Ba'amurke ba shi da shi. Faransanci da Sifaniyanci daga Latin suka fito, kuma yadda ake juya aikatau a cikinsu ya yi kama sosai. Hausa ma tana taimakawa. Wasulan Sifaniyanci biyar ne kamar namu, kuma bambancin pero, wato amma, da perro, wato kare, da ke wahalar da Faransawa, ba baƙo ba ne ga harshen da ya saba kaɗa “r”. Ga kuma gadon Larabci daga zamanin Andalus: hasta ita ce hatta ɗinmu, azúcar sukari ne, alcalde kuma, magajin gari, tushensa ɗaya da alƙali.

Sai dai Faransancin na da tarko. Salir a Sifaniyanci fita ce, ba ɓata abu da datti ba. Subir hawa ne, entender fahimta ce, ba ji da kunne ba. Macen da ta so ta ce kunya ta kama ta, ta ce embarazada, to ta sanar da mutanen gida tana da ciki ne.

Ga Musulmi, maganar abinci ita ce darasin farko, kuma ya kamata a yi ta tun kafin a sauke jaka. Tushen abincin ba shi da matsala: wainar masara da ake kira tortilla, baƙin wake, ƙwai da soyayyar ayaba. Amma cewa no como cerdo, ba na cin alade, bai wadatar ba, domin ana sa kitsensa, manteca, a cikin wake ko a dafaffen ƙullin masara da ake naɗewa a ganye. Sai an ambaci kitsen da sunansa. Makarantu sukan tambayi ɗalibi abin da ba ya ci kafin su zaɓa masa gida. Sallar Juma'a kuwa sai an je babban birnin ƙasar, tafiyar kamar awa guda a mota daga Antigwa, inda akwai masallaci.

Gaskiyar magana, wannan hanya an shimfiɗa ta ne don masu fasfon Turai da Amurka. Babu jirgi kai tsaye daga Yamai, kuma kuɗin tikiti kaɗai ya isa jarin shago. Abin da ya fi shafar matasanmu shi ne dabarar, domin da yawansu sun riga sun isa ƙasar da ake wannan harshe. Ɗaliban Afirka da ke zuwa karatun likita a Kuba sai sun fara da watannin koyon Sifaniyanci kafin su taɓa littafin likitanci. A Sifaniya kuma, ƴan Afirka ta Yamma na aiki a gonakin rumfar leda na Almeriya da lambunan Leida.

A nan ne ake ganin bambanci. Mutum zai yi shekara biyar a Almeriya, ɗaki ɗaya da ƴan garinsu, aiki tare da ƴan garinsu, waya da gida da dare, bai wuce kalmomin shugaban gona ba. Bai iya karanta kwantiragin da ya sa wa hannu ba, kuma ko asibiti sai da tafinta. Wani kuwa da ya kama ɗaki a gidan masu harshen, yana zuwa darasin yamma da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin agaji irin su Cruz Roja da Cáritas ke bayarwa, cikin shekara guda yana gardamar albashinsa da kansa.

Takarda ma na jiran harshen. Tun 2015, mai neman zama ɗan ƙasar Sifaniya ta hanyar daɗewa, wanda ga ɗan Nijar shekara 10 ce ta zama bisa doka, sai ya ci jarrabawa biyu da cibiyar Instituto Cervantes ke shiryawa: DELE a matakin A2 ko sama da haka, da CCSE a kan tsarin mulki da al'adun ƙasar. A jarrabawar DELE akwai ɓangaren baka, inda ake zaunar da mutum gaban mai jarrabawa, a miƙa masa hoto a ce ya bayyana abin da ya gani, sannan a ja shi da hira.