Louis Armstrong da Sauyin da Ya Kawo ga Kiɗan Jaz

Gabatarwa

Kiɗan jaz ya samo asali ne daga baƙaƙen fatar Amurka, musamman na birnin New Orleans, a farkon ƙarni na 20. A can ne waƙoƙin baƙin ciki da na coci suka cuɗanya da badujalar da ake bi da ita kan titi a ranakun biki da jana'iza. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda mabushi guda, watau Louis Armstrong, ya sauya tsarin wannan kiɗa.

Tashinsa

An haifi Armstrong a New Orleans ranar 4 ga Agusta, 1901, cikin tsananin talauci. A daren shiga shekarar 1913 ya harba bindiga sama don murna, aka kama shi, aka kai shi gidan horon yara. A nan ne wani malami, Peter Davis, ya koya masa busa ƙahon tagulla mai maɓallai uku. Bayan ya fito sai ya zama yaron Joe Oliver, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin mabusa. A 1922 Oliver ya kira shi Chicago, a 1923 kuma aka fara ɗaukar busarsa a faifai.

Daga Taron Dangi Zuwa Busar Mutum Ɗaya

A tsohon tsarin New Orleans, mabusa gaba ɗaya suke busa. Ƙaho yana riƙe da uwar waƙa, kilarinet mai siririyar murya tana yi mata ado daga sama, turombon mai kauri yana amsawa daga ƙasa. Ba a cika barin mutum ɗaya ya daɗe yana busa shi kaɗai ba.

Faya-fayan da Armstrong ya yi da ƙungiyoyinsa na Hot Five da Hot Seven daga 1925 zuwa 1928 su suka karya wannan al'ada. A cikinsu yakan fito shi kaɗai, ya ajiye uwar waƙa, ya ƙago sabuwar karin murya nan take bisa ginshiƙin ta farkon. Yakan kuma jinkirta sauti ko ya gaggauta shi kaɗan, har mai sauraro ya ji kiɗan yana rangaji. Misalin da aka fi ambata shi ne "West End Blues" na 1928, wanda ya buɗe da busa ta kimanin daƙiƙa 15 ba tare da rakiyar kowa ba.

Murya da Ƙaho

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda ya kusantar da busa ga magana. Ƙahonsa yana numfasawa yana jan gaɓa kamar mai zance, muryarsa kuwa tana kwaikwayon ƙaho. A "Heebie Jeebies" na 1926 ya rera gaɓoɓi marasa ma'ana a maimakon kalmomi. Ba shi ya ƙago wannan salo ba, amma ta hannunsa ya yaɗu. Mawaƙiya Billie Holiday ta sha faɗin cewa daga gare shi ta koyi sarrafa murya.

Kammalawa

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tun daga lokacin aka koma auna gwanin jaz da abin da zai iya ƙagowa shi kaɗai, tsohon tsari kuwa ya ja baya. Oliver, wanda shi ya tsara "West End Blues", ya rasu a 1938 a garin Savannah cikin fatara, yana aikin shara. Yaron nasa kuwa ya zaga duniya, har ya zo Gana a 1956, da Nijeriya a 1960. Ya rasu a New York ranar 6 ga Yuli, 1971.