Murjani Mai Taushi: Yadda Ake Renonsa a Tankin Gilashi

Murjanin da matan Hausawa suka sani a wuyan amare, wanda fatake suka daɗe suna kawowa daga Bahar Rum ta cikin Sahara, asalinsa ƙashin wata dabbar teku ne. Wannan dabba tana da dangi masu taushin jiki, waɗanda masu sha'awa a Jamus da Amurka da Japan suke renonsu a tankin gilashi cikin ɗakunansu. Abin da ya haɗa su zumunta shi ne kowane baki nasu yatsu 8 ne suke kewaye da shi.

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa yawancin irin wannan murjani yana ɗauke da wata gansakuka ƙanƙanuwa a cikin tsokarsa. Ita ce take sarrafa haske ta samar masa da abinci, shi kuma ya ba ta mafaka. Saboda haka ake kunna masa fitila ta musamman kimanin awa 8 zuwa 10 a kullum. Sabon murjani kuwa a ƙasan tanki ake fara ajiye shi, sannan a riƙa ɗaga shi sannu a hankali, domin haske mai ƙarfi farat ɗaya yakan sa ya kori gansakukar, ya koɗe ya yi fari. Akwai kuma jinsin da ake kira Dendronephthya, wanda ba shi da gansakuka ko kaɗan. Galibi yunwa ce take kashe shi a tanki, don haka bai dace da sabon shiga ba.

Ruwan tanki dole ya yi kama da na teku: gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, zafi kuma tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas. Gishirin girki ba ya wannan aiki, sai wanda aka haɗa musamman. Idan ruwa ya ragu saboda tururi, tataccen ruwa marar gishiri ake ƙarawa, don gishirin bai tafi ko'ina ba. Haka nan duk maganin kifi mai ɗauke da sinadarin jan ƙarfe ajali ne ga murjani.

Wurin ajiya shi ma abin lura ne. Jinsin Sarcophyton, mai kama da jemammiyar fata, yana son ruwa mai motsi, domin lokaci-lokaci yakan tsuke na 'yan kwanaki ya saɓe wata yana daga jikinsa, motsin ruwan ne kuma yake ɗauke ta. Bugu da ƙari yana fitar da sinadarai masu hana maƙwabtansa girma, shi ya sa ake ba shi tazara, a kuma sa gawayin tace ruwa. Jinsin Xenia kuwa, mai buɗe yatsu da rufewa kamar yana tafi, saurin yaɗuwa gare shi, gara a keɓe masa dutsensa shi kaɗai.

Akwai haɗari biyu da ba a wasa da su. Na farko, wasu dabbobin da ake sayarwa tare da murjani mai taushi, wato Palythoa, suna ɗauke da dafin falitoksin, wanda masana suka ware a Hawai a 1971. A 2018, a gundumar Oksfod ta Ingila, an kai mutane 10 asibiti bayan an kankare dutsen tanki a wani gida. Wajibi ne a sa safar hannu da tabarau, kada kuma a kuskura a tafasa dutsen. Na biyu, kada a zubar da murjani cikin teku. Wani dangin Xenia daga tekun Indunusiya da aka saki a gaɓar Benezuwela a farkon shekarun 2000 ya mamaye wurare masu faɗi, ya danne murjanin asalin wurin.

Daga ƙarshe, mai son fara wannan reno ya nemi murjanin da aka yanko daga wanda ya girma a tanki. Ya fi jure zaman gida, kuma sayensa ba ya rage na teku, wanda ɗumamar ruwa ta riga ta galabaitar a 1998 da 2016 da 2024.