Hoton Mama da Igiyar Rediyo

Daga cikin cututtukan da Allah Ya jarrabi mata da su, kaɗan ne suka kai sankarar mama iya ɓuya, domin takan soma ne da ɗan ƙullutu marar zafi, wanda macen Karaye ko ta Rogo za ta shafa ta ji shi, amma kunya ta hana ta faɗa wa ko da mijinta, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, har sai ya fashe ya zama gyambo kafin a nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 cutar ta yi ajalin mata 670,000 a faɗin duniya.

Na'urar da aka saba da ita wajen gano cutar, wato mamogiram, matse mama take yi tsakanin faifai biyu ta haska shi da eksire. Ga tsada, ga shi ba ta gani sosai a maman mace mai sauran ƙuruciya, alhali kuwa matanmu cutar kan same su tun suna shekara arba'in da 'yan kai. Wannan ya sa masana a Jami'ar Biristol ta Ingila suka ƙera wata mai suna MARIA, wadda ke aiki da gajerun igiyoyin rediyo, dangin na wayar hannu. Mace za ta kwanta rub da ciki, mamanta ya sauka cikin wani ƙoƙo mai eriya 60, su aika igiyoyi su karɓi amsa-kuwwarsu. Da yake ƙari ya fi kitse ruwa da jini, amsarsa takan bambanta, kwamfuta ta fitar da surarsa. Babu matsewa, babu hasken eksire.

Sai dai hikimar tana da iyaka. Binciken jami'o'in Wiskonsin da Kalgari na 2007 ya nuna bambancin ƙari da lafiyayyen naman da ke samar da nono bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, shi ya sa har yau ba ta maye gurbin mamogiram ba.

Saboda haka, kada a jira sabuwar na'ura; malaman da ke wa'azi a ƙasar Karaye su sanar da maza cewa neman magani ba ya warware tawakkali, duk wadda ta ji ƙullutu a kai ta asibiti cikin makon nan.