Yadda Kwamfuta Ke Warware Kuskure

'Yan'uwa ɗalibai, kun tuna abin da malamanmu ke faɗa mana game da rajista: kada a kankare, kada a goge. In ka yi kuskure sai ka ja layi ɗaya a kansa, ka rubuta daidai a bisa, ka sa hannu. Da fari na ɗauka tsanani ne kawai. Ashe a kan wannan doka ce masu ƙera manhajar kwamfuta suka kafa aikinsu.

Sa'ad da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata firamare a nan Minna, na tarar ana shigar da makin yara cikin kwamfuta. Ran nan na gyara makin lissafi na wata yarinya daga 47 zuwa 74, gama na juya lambobin ne tun farko. Amma tagar da ke nuna jimla tana buɗe, ba ta sake ba, daga gare ta kuwa aka buga katin sakamako. Yarinyar da ta cancanci ta uku sai ta tafi gida tana ta goma sha ɗaya, tana kuka.

To, ga dalili. Makin ba a kan allon kwamfuta yake zaune ba. Yana cikin rumbun bayanai, watau babban littafin da ke cikinta. Tagogin kuwa kowace ta kwafi nata ne ta riƙe. In an sake abu a rumbu ba a aika mata ba, sai ta yi ta nuna tsohon labari. Saboda haka manhaja mai kyau takan sa kowace taga ta ba da sunanta, da an taɓa maki sai a yi musu shela duka, su koma su karanto sabo. Wani Bature ɗan ƙasar Norwe, Trygve Reenskaug, ya tsara irin wannan rabon aiki a 1979.

Warware kuskure ya fi wuya. Kowa ya san Ctrl da Z, amma rumbu ba ya tuna abin da ya wuce sai an sa shi. Ga dabarar da ake yi a SQLite, ƙaramin rumbun nan da Richard Hipp ya fitar a 2000. Akan ɗana wani ɗan tarko a bakin kowane jadawali. Duk sa'ad da aka yi canji, tarkon ya rubuta kishiyarsa a wani littafi dabam. Ka shigar da suna, ya rubuta "a cire shi". Ka cire, ya rubuta "a mai da shi", tare da dukan makinsa. Ka mai da 47 ya zama 74, ya rubuta "a koma 47". In ka nemi warwarewa, sai a bi littafin daga ƙarshe zuwa farko, kamar mai kwance rawani. Inda ba a ɗana tarkon ba kuwa, babu komowa: a Microsoft Access in za ka share layin ɗalibi, sai ya gargaɗe ka cewa ba ya warwaruwa.

Akwai wani haɗari kuma. Shelar SQLite ba ta kai labarin canjin da wata manhaja dabam ta yi. Kadan hedimasta ya gyara makin bayanka, kai kuwa ka warware naka ba ka sani ba, ka share aikinsa ke nan. Ku dubi Hukumar NECO da ke garin nan, wadda aka kafa a 1999, da yawan makin da ke bi ta hannunta, za ku ga abin ba wasa ba ne.

Ni dai yanzu kafin in buga kati nakan rufe tagar jimla in sake buɗewa, in gwada da takardun jarrabawa. Yarinyar kuwa an buga mata sabon kati ran Litinin, ni na kai wa mahaifinta da kaina, na ba shi haƙuri.