Aikin Nas-Nas na Makaranta Wajen Kare Yara a Lokacin Annobar Korona

Gabatarwa

Idan aka ce nas, mafi yawan mutane asibiti suke tunawa. To amma a ƙasar Ingila akwai nas-nas waɗanda aikinsu shi ne kula da ɗalibai daga shekara 5 zuwa 19. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda annobar korona ta shafi wannan aiki.

Mene Ne Aikinsu?

Nas ta makaranta takan auna tsawo da nauyin yara, ta kuma ba su shawara kan lafiyarsu. Babban aikinta kuwa shi ne lura. Yaron da ya rame, ko ya zo da tabon duka, ko ya daina magana, ita da malamai ne sukan fara gane shi. Daga nan sai ta sanar da jami'an jin daɗin jama'a domin a bincika gidansu.

Abin da Ya Faru a 2020

A ranar 20 ga Maris, 2020, aka rufe makarantun Ingila. An bar ƙofa a buɗe ga 'ya'yan ma'aikatan da ba a iya yi sai da su, da kuma yara masu rauni, amma kaɗan ne daga cikin masu raunin suka riƙa zuwa. Sa'an nan aka kwashe nas-nas da yawa zuwa wasu ayyukan yaƙi da cutar. Saboda haka rahotannin cin zarafin yara suka ragu, alhali wahalar tana nan, masu ganinta ne babu.

Misali mai ban tausayi shi ne na wani yaro ɗan shekara 6 a garin Solihull, wanda ya rasu a watan Yuni na 2020 bayan azabar da mahaifinsa da budurwar uban suka gana masa a lokacin kulle. Binciken da aka fitar a 2022 ya nuna cewa hukumomi ba su yi musayar bayanai a kansa yadda ya kamata ba.

Dabarun da Suka Bi

Nas-nas ɗin da suka rage sun koma buga waya da ganawa ta bidiyo. Wasu sukan tsaya a bakin ƙofar gida domin su ga yaro ido da ido. Akwai kuma tsarin ChatHealth, inda ɗalibi kan aika wa nas saƙon waya a asirce. Sai dai waya tana da iyaka, domin yaro ba zai faɗi gaskiya ba idan mai cutar da shi yana zaune kusa da shi.

Kammalawa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Nas ɗin da aka ɗauke daga makaranta ta bar yaran da ba su da mai duba su. Don haka duk hukumar da za ta rufe makarantu saboda annoba, ya kamata ta fara tanadar wanda zai ci gaba da ganin waɗannan yara.