Jona batir a hanyar Garhanga: ina za a maƙala bakin waya na ƙarshe?

Yau muna Garhanga, a gundumar Keita ta jihar Tahoua, cikin duwatsun Adar, inda mota in ta ƙi tashi ranar kasuwa gareji ya yi nisa, sai a tsai da wata a roƙi wutar batirinta. Taimako ne mai kyau. Maganata guda ce: bakin waya na ƙarshe kada ya sauka kan mataccen batir.

Ga dalili. Batirin dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, yana fitar da iskar haidurojin, musamman in ya tsufa ko ya sha zafi, kuma zafin Afrilu a Adar ba sai an faɗa muku ba. Iskar nan ba launi, ba wari, ta kai kashi 4 cikin 100 na iska kawai, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Ita ce aka cika wa Hindenburg, jirgin balan-balan na Jamus mai tsawon mita 245, wanda ya kama wuta yana sauka a Lakehurst ta Amurka ranar 6 ga Mayu 1937. Kafin minti guda ya cika ya zama ƙarfe tsirara, mutum 36 suka rasu. To, iskar nan ce ke taruwa a ƙarƙashin murfin injin motarka. Tartsatsin kuwa a jonin ƙarshe yake tashi, lokacin da wuta ta samu hanya. Shi ya sa ake bi a jere: jar waya kan alamar tarawa ta mataccen batir, ɗaya bakinta kan tarawa ta mai rai, baƙar waya kan ragewa ta mai rai, sannan bakin ƙarshe, ku ji da kyau, bakin ƙarshe a jikin ƙarfen inji marar fenti, nesa da batir.

Wani direba zai ce shekara da shekaru yaron mota ke danne wayar wuta da hannu, ba abin da ya faru. Gaskiya ne, volt 12 ba ya jan mutum. Amma ƙarfin da ke murza inji ya kai amfiya ɗaruruwa, siririyar waya sai ta yi ja ta ƙone tafin hannu, kuma fuskar yaron tana daidai saman asid. Ranar da batir ya fashe, ido yake nema. Wani kuma zai ce babbar mota ta fi saurin tayarwa. Ita volt 24 gare ta, taka 12: za ta tashi, ƙila tare da ƙonanniyar kwamfutar inji.

Motocin kada su taɓa juna, a kashe taba, batirin da ya tsage ko ya kumbura a bar shi. In ta tashi, a cire wayoyin daga na ƙarshe zuwa na farko, a bar injin yana aiki.